Kun Iso Ina?

Ku matso, ƙawayena, wannan maganar tsakaninmu ce. Ranar da maigida ko ƙane ko ɗa ya kama hanya da mota, wa ke fara tura masa saƙo? Mu ne. Bai kai Kwanar Dangora ba, mun rubuta: "Kun iso ina?" In ya yi shiru mu ƙara: "Na ga alamar ta yi shuɗi, ka karanta ka ƙi amsawa." Shi kuwa bawan Allah, don gudun ɓacin ranmu, sai ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ya sunkuyar da kai yana lalubar haruffa.

Na san ƙauna ce ke sa mu. Hanyar Kano zuwa Kaduna ba ta barin hankalin na gida ya kwanta. Amma ku yi lissafin nan tare da ni. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In karanta saƙo ya ɗauke shi daƙiƙa biyar kacal, ya shafe mita 125 ke nan idonsa ba ya kan titi, tazarar da ta fi tsawon filin ƙwallo. A cikin wannan tazarar akwai rami, akwai akuya, akwai ɗan acaɓa da ya ɓullo daga lungu, akwai tirelar da ta lalace aka zuba mata ganye a baya maimakon alama. Duk ba ya ganinsu, yana rubuta mana "saura kaɗan".

A 2009, masu bincike na jami'ar Virginia Tech a Amurka sun fitar da sakamakon kyamarorin da aka maƙala a manyan motoci: direban da ke rubuta saƙo, yiwuwar ya yi haɗari ko ya tsallake rijiya da baya ta ninka sau 23. Ƙwararru ne fa, masu kwana a kan hanya. Don haka in maigida ya ce miki "ai na saba", kada ki yarda.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta ɗauki amfani da waya a tuƙi laifi, har a 2017 ta fara tura waɗanda ta kama gwajin ƙwaƙwalwa. To amma jami'i a bakin titi yake. Mu ne a cikin motar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirunmu a motar haya: direba ya ɗora waya a cinya, babban yatsansa na yawo a kan gilashinta, kai ya sauka ya ɗago, ya sauka ya ɗago, mu takwas muna kallo, kowa na "Allah ya kiyaye" a zuci. Kunyar me muke ji? "Malam direba, don Allah ajiye wayar nan, ko ka miƙo in karanta maka." Shi ke nan. Mace ɗaya ta faɗa, sauran fasinja za su mara mata baya.

A gida kuma, tun kafin ya tada mota a yi yarjejeniya: "Abban yara, ba zan neme ka ba. In ka tsaya shan mai ko sallah, kai ka kira ni." In kuwa tafiyar da abokin tafiya ce, ki karɓi lambar na gefensa, shi za ki riƙa tambaya.