Gidan meri gidan kowa ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau zan ba ku labarin wani gidan meri da ke cikin raina. Yana ƙasar Finlan, can arewacin Turai, a wani ƙaramin gari mai suna Sainatsalo. Garin yana bisa tsibiri, tsakiyar wani babban tabki. Yawancin mutanensa a lokacin ma'aikatan masana'antar katako ne.

A shekara ta 1949 aka yi gasar zanen gidan. Wani gwanin gini, Alvar Aalto, shi ya ci gasar. A 1952 aka buɗe gidan. Ginin zamani ne, ba shi da ado, ba shi da zane a bango. Da jan tubali gasasshe aka yi shi, da katako.

Ga abin da ya sa nake son shi. Ɗakunan sun kewaye tsakar gida. Ƙasar da aka haƙo wajen kafa tushe ba a zubar da ita ba. Da ita aka cika tsakar gidan har ta yi tudu. Matakala biyu ke kai mutum can: ɗaya ta dutse, ɗaya ta ƙasa da ciyawa. A lokacin da aka buɗe shi, a ƙasa akwai shaguna. A sama kuma, a lokacin, akwai ɗakin karatu, da biro, da ɗakunan kwanan ma'aikata. Zauren shawara, inda wakilan gari ke zama a da, shi ya fi kowane ɗaki tsawo. Ke nan shawarar jama'a aka ɗaukaka.

Ni na taɓa wuni a ƙofar wani biro ina neman takardar haihuwar ɗana. Babu inuwa, babu wurin zama. Wani makiyayi da ke kusa da ni ya gaji, ya koma wajen dabbobinsa hannu banza. Ɗansa ya rasa takarda ke nan. Gini ma yana korar talaka, ko mai gadi bai ce komi ba.

A 1993 aka haɗe Sainatsalo da babban birnin da ke kusa da shi. Amma gidan yana nan, baƙi na zuwa kallonsa daga ƙasashe da yawa.

In za a gina meri a garinku, ku je taron. Ku tambaya: ina inuwa? Ina wurin zaman tsofaffi da mata masu goyo? Da kuɗin harajinku za a gina shi, kuna da bakin magana.