Hannun Kaka

Kawuna yana Sabha, can Libiya, shekara 9 ke nan bai tako gida ba. Bara da ciwo ya kwantar da kakata, sai ya aiko mini da murya ta WhatsApp: "Kai da kake yawo da kyamara, tafi ka ɗauko mini fuskar tsohuwa. Ba na salula ba, hoton da zan wanke in rataya." Ya haɗo da kuɗin mota.

Na tashi daga Damagaram zuwa ƙauyenmu, gaba da Matamai, da ƴar Sony A6000 ɗina ta hannu, wadda nake neman na abinci da ita a wurin suna da biki. Gilashin da ke bakinta, abin da masu hoto ke ce ma objektif, tsohon Helios ne mai milimita 58, ƙirar Tarayyar Sobiyet, da na tsinta cikin tarkacen wani dattijo a kasuwar Dole. Ya girme ni nesa ba kusa ba.

Ɗakin Kaka na ƙasa ne, taga ɗaya, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Babu kuran. Ba ta iya fitowa tsakar gida, kuma tun da aka yi mata aikin yanar ido ba ta jure haske mai ƙarfi, don haka ba maganar filasha. Na ɗauki hoto ya kai 40. A ɗan allon kyamara duk sun yi kyau. Da na koma na buɗe su a kwamfuta, sai ga Kaka da hanci biyu. Waɗanda na ɗaga ma ISO kuwa, kamar an watsa mata rairayi a fuska. Na ce ma kawu kati ne ya lalace. Ƙarya na yi, kuma ta daɗe tana cina.

Laifin na hannuna ne. A cikin duhu dole ƙyauren kyamara ya jima a buɗe kafin haske ya isa, kuma duk tsawon lokacin hannun ɗan Adam rawa yake, ko numfashi ma motsi ne. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce: gilashi mai milimita 58 yana son kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, ko abin da ya fi haka sauri. Ɗakin Kaka kashi ɗaya cikin 8 yake nema.

A nan ne kyamara mai hana rawa daga cikin jikinta take shigowa. Farantin da ke kama haske ba a kafe shi ba, yana shawagi ne tsakanin maganaɗisu. In hannunka ya karkata hagu, na'urar ta ji, sai ta tura farantin ya bi hoton ya tare shi. Konica Minolta ne suka kawo dabarar tun 2003, Olympus suka kai ta ga hana rawa ta fuska biyar a E-M5 cikin 2012, Sony suka sa ta a A7 II cikin 2014. Canon ba su sa ta a jikin kyamara ba sai 2020, su a gilashi suka daɗe suna sa tasu. Tawa A6000 ba ta da ita ko kaɗan.

Mun yi gardamar a fada, shayi har ya huce. Wani abokina ya ce ɓarnar kuɗi ce, in sayi mai ƙafa uku in huta. Yana da gaskiyarsa, ƙarfe ba ya numfashi. Amma bai san ɗakin ba: tsakanin gado da randa da jeren kwanoni, ina za ka baje ƙafa uku? Kuma tsofaffinmu da sun ga an kafa wannan abu sai su sandare, su ɗaure fuska kamar hoton katin ɗan ƙasa. Wani ya ce in nemi gilashi mai hana rawa. To shi wannan gilashi ɗaya kaɗai yake gyarawa, kowane sabo sai ka sake biya. Wadda ke cikin jiki kuwa duk abin da ka ɗaura mata tana yi masa aiki, har Helios ɗina da bai san wani abu wai shi lantarki ba. Ga ɗalibi mai tsince-tsincen tsofaffin gilasai, a ganina nan darajarta take, ba a lambobin da kamfanoni ke tallatawa ba.

Na ari A7 II wajen wani mai shagon hoto, na bar tawa jingina. Na koma ƙauye. Kaka ta ce, "Mai gidan, ka dawo da maƙallatarka? Wancan karo me ka kama?" Na ce iska.

Hotunan farko sun fi na da muni, gabana ya faɗi. Ashe tsohon gilashi ba ya gaya ma kyamara tsawonsa, kai ne za ka shiga ka rubuta mata, kuma mai ita ya bar ta a kan 200. Tana ta gyaran rawar da ba a yi ba. Na mai da ita lambar da ta fi kusa da 58, na jingina kafaɗa da bango, na riƙe numfashi, kashi ɗaya cikin 8.

Fuskar ta fito. Zanen da ke kumatunta, farin gashin gira, har ɗan hasken taga a cikin idon da aka yi ma aiki. Amma hannun dama hayaƙi ne, domin tana jan tasbaha. Na'urar rawar hannuna kaɗai take tarewa, motsin wanda ke gabana ba ruwanta da shi. Wanda ke son ɗaukar ƴan kokowa da dare, kada ya yi zaton za ta cece shi. Batir ma yana saurin ƙarewa a wannan samfurin, kafin la'asar na shiga na biyu.

Kawu ya tambayi abin da ya sami hannun. Na yi masa bayani, na kuma faɗa masa gaskiyar maganar kati. Ya yi shiru a wayar, sannan ya ce a wanke shi haka nan, babba.

Kaka ta samu sauƙi da damina. Ta ga hoton, ta ce na bari ɗankwalinta a karkace na aika ma duniya. Ni kuma na sa A6000 a kasuwa, ina tara cikon. Saura jika 65.