Zanen aro ba ya rufe katara

A birnin Maraɗi akwai wani dattijon ɗan kasuwa mai sayen wake da gyaɗa, yana aikawa Kano ta hanyar Ɗan Issa da Jibiya. Shekara da shekaru, abin da ya fi tsarewa a bironsa shi ne wani baƙin littafi da ya sha hannu, mai ɗauke da sunayen dillalai da direbobi, da waɗanda yake bi bashi, da masu bin sa. A 2006, da anka mai da lambobin tarho na Nijar daga alƙaluma 6 zuwa 8, littafin ya cika da gyare-gyare har karatunsa ya zama aiki.

Akawun biron ɗan ƙanensa ne, saurayi mai ilimin lise. Cikin 2008 ya kawo shawarar a zuba sunayen cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ya zaɓi Outlook, manhajar wasiƙun intanet ta kamfanin Microsoft, tare da wani ƙari da ake haɗa mata mai suna Business Contact Manager, wanda ya fara fitowa a zamanin Office 2003. Amfanin ƙarin shi ne kowane abokin ciniki ya samu shafinsa, inda ake ganin lambarsa, da wasiƙun da anka yi da shi, da ranar alkawari, da cinikin da ake tsammani.

Abin da akawun bai faɗa wa dattijon ba shi ne Office 2007 ɗin da ya saka na gwaji ne, kyauta har kwana 60. Mako uku ya yi yana buga sunaye bayan sallar isha'i. Dattijon ya ga aiki ya yi kyau, ya sa albarka, anka jefa baƙin littafi cikin akwati. Daga ranar, duk sabon bashi da sabon alkawari cikin na'ura kaɗai ake rubuta su.

Wa'adin ya cika tsakar kaka, lokacin da motoci ke jiran lodi. Manhajar ta buɗe, sunaye na nan ana ganin su, amma ta ƙi karɓar ko da harafi guda. Haka sharaɗin gwajin ya tanada tun farko: in kwanaki sunka ƙare sai dai kallo, har a shigar da mabuɗin lasisi mai haruffa da lambobi 25. Akawun ya ga sharaɗin ranar da ya saka manhajar, ya wuce shi bai karanta ba.

Dattijon ya tsaya bisa kansa ya ce: «Yaro, na'urar ta lalace ne?» Ya amsa: «A'a, Baba, kwanakin gwaji ne sunka cika.» Ya ce: «To sunayen na wa ne?» Ya ce: «Naka ne, Baba.» Dattijon ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: «Ashe kayana ka zuba ɗakin da ba mu biya haya ba.»

Da yamma wani mai sai da faifai ya yi wa akawun tayin mabuɗi kan jika biyu. Tayin na da daɗi ga mai neman rufin asiri, sai dai mabuɗin da ya yi yawo hannu da hannu ana iya ƙin karɓarsa wajen tantancewa, kuma faifan da anka yi wa kutse sau da yawa yana tafe da cutar na'ura. Dattijon bai san wannan ba, amma ya san kasuwa. Ya ce shi bai taɓa sayen kayan da ba a ba shi takardar shaida ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Anka aika Yamai wurin dillali mai izini. Kafin lasisin ya iso, akawun ya fiddo baƙin littafi, ya kwana biyu yana kwafe bashin wata biyu da hannu daga fuskar na'ura.

Labarin ya shafi duk wani ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da anka ɗora wa riƙon sunayen mutane. Lasisi izinin amfani ne bisa sharaɗi, yana kuma fayyace na'ura nawa za a saka wa manhajar. Biro mai na'ura uku ya ƙirga tun kafin ya biya. Gwaji kuwa ana yin sa da sunaye goma, kamar yadda ake ɗiban ƙwaya kaɗan daga buhu a duba kafin a yi ciniki. Kuma tun ranar farko ake gwada ƙofar fita: a ga ko sunayen na fitowa cikin fayil irin na CSV, wanda Excel da sauran manhajoji ke buɗewa. In sun fito daidai, sannan a zuba sauran.

Ko lasisin da anka biya bai hana manhaja tsufa. Business Contact Manager ya tsaya a zamanin Office 2013. Wanda ya biyo bayansa, Outlook Customer Manager, ya fito a 2016, anka rufe shi a 2020. Duk wanda ya bar tarihin cinikinsa wuri guda, sau biyu ke nan ƙaura ta same shi.

Akawun yau ya yi furfura, shi ke riƙe da biron, ya kuma canza manhaja tun tuni ba tare da suna ko ɗaya ya ɓata ba. Ƙarshen kowane wata yana fidda sunayen cikin fayil, ya buga su a takarda, ya sa cikin akwatin nan, kusa da baƙin littafin Baba.