Rumfar Jiran Mota a Basirka

Daga Kano motarmu ta bi ta Wudil, ta wuce Kwanar Huguma, ta ratsa Birnin Kudu, garin da mutanen dā suka bar zane a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Ban sauka ba. Hankalina yana gaba, bayan Gwaram, inda wata rumfa ta yi mini rana ina yaro.

Tun Jigawa tana cikin jihar Kano, kafin a yanke ta a 1991, ni da Inna muke bin hanyar nan zuwa ganin dangi. A bakin titin Basirka muke jiran motar komawa, kuma mota a lokacin sai ta ga dama. Rumfar ba irin ta ko'ina ba ce. Rufin wata bas da ta mutu ne aka ɗora a kan azara, aka shimfiɗa karan dawa a samansa don kada ƙarfen ya gasa mutane. An kewaye gabas da zana, sauran ɓangarorin a buɗe. An binne randa rabi cikin yashi, da moɗa a kanta, ruwan sadaka ne ga duk matafiyi.

Na taɓa tambayar wani dattijo mai sayar da goro, "Baba, me ya sa aka rufe gefe ɗaya kawai?"

Ya ce, "Ɗana, hadari daga gabas yake tasowa. Shi ake ba baya."

Ruwan yankin nan kuwa ba abin wasa ba ne. A damanar 2021 ya cinye gadar Radabi a kan wannan hanya, mota ta afka, aka rasa rayuka.

Da na isa Basirka a wannan karon, babu rumfar. Mata da goyo, da buhunan riɗi, suna tsugune a gindin darbejiya. A wasu garuruwan da muka wuce na ga rumfunan siminti da kwano, sun fuskanci rana tsaye, awaki ne kawai a ciki. Wannan ya ba ni takaici, domin an kashe kuɗi, amma ba a tambayi masu jira ba.

Ina roƙon duk mai niyyar gina rumfa a hanyar Gwaram zuwa Basirka: ya fara zama da 'yan kamasho da masu talla, su nuna masa inda rana take duka da inda ruwa yake fesowa, sannan ya sa a aje randa.