Jinyar Yaya a Liyon

Lahadi

Gobe ne aikin Yaya. Za a cire jakar silikon ɗin da aka sa mata a ƙirji bayan sankara ta ci mamanta na hagu aka yanke shi. Da daren nan ta yi wanka da jan sabulun kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta mata, da asuba kuma za ta sake. Daga sha biyun dare babu abinci. Likitan barci ya riga ya gan ta tun makon jiya, don a Faransa doka ce a yi wannan ganawa aƙalla awa 48 kafin duk aikin da aka sa wa rana.

Ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Tauri kamar ɗanyen mangwaro, ya haura sama, ya bar ɗan'uwansa a ƙasa. Likita ya ce duk baƙon abin da aka dasa a jiki, jiki yakan naɗe shi da wani tantani. Ga wasu tantanin yakan zauna da laushinsa, ga wasu kuma ya yi kauri, ya takure, ya matse jakar. Wadda aka yi wa gashi a ƙirji ta fi shiga wannan haɗari, Yaya kuwa an yi mata gashi. Ashe ta daɗe rabonta da kwanciya ta gefen hagu, ba ta gaya wa kowa ba.

Litinin

Sun shiga da ita da hantsi. A ɗakin jira na zauna kusa da wata dattijuwa Bafaranshiya da ta rako 'yarta. Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta tambaya ko jakar ta kamfanin PIP ce. Na ce a'a, mun duba katin da aka ba Yaya ranar dashen. A ƙasar nan ba a manta da wannan suna ba. Kamfanin ya riƙa cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a yarda a sa a jikin mutum ba. Hukuma ta janye su daga kasuwa a 2010, a Disambar 2011 gwamnati ta shawarci mata kusan 30,000 su je a cire musu, a 2013 kuma kotu a Marsai ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu. Dattijuwar ta ce tun daga lokacin ba ta yarda a sa wa wani nata komai a jiki ba tare da an ba shi takarda a hannu ba. Gaskiyarta.

Bayan azahar likita ya fito. Jakar ba ta fashe ba, ya cire ta da tantanin. Ɓangaren da ya manne a haƙarƙari ne ya ci masa lokaci, don huhu na nan a baya. An aika tantanin da ruwan da aka samu zuwa ɗakin gwaji. Alhamdu lillahi.

Talata

Amai da dare, saboda maganin barci. Yau da sauƙi. Wani siririn tiyo ya fito daga ƙarƙashin hammatarta zuwa cikin kwalba, yana tsotse jini da ruwa don kada su taru a gurbin da jakar ta bari. A zaune ta yi salla, ni na zuba mata ruwan alwala.

Laraba

An sallame mu, da kwalbarmu cikin 'yar jakar yadi. Da yamma Gwaggo ta bugo daga Maraɗi. Bayan sannu da jiki, sai ta ce, “To ke ma, me ya kai ki sa roba tun farko?” Yaya ta ce, “Ƙaddara ce, Gwaggo,” ta miƙo mini wayar.

Maganar ta tsaya mini a rai. Mace ce da aka yanke wa mama tana da sauran ƙuruciya, gashin kanta ya zube, aka ce mata ga hanyar da za ta sa riga ta fita ba tare da an bi ta da kallo ba. Wa zai ga laifinta? Abin da ya fi damuna shi ne yadda mata da yawa suke ɗauka an gama ke nan har abada. Jakar nan tana da wa'adi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta faɗa ƙarara cewa ba abin zama ne na tsawon rai ba, tun 2021 kuma ta wajabta a rubuta gargaɗi a kwalinta, a kuma bi takardar haɗurra da mace kafin aiki. Tana ba da shawarar a ɗauki hoton wurin bayan shekara biyar ko shida, daga nan duk shekara biyu ko uku, don jakar silikon takan fashe ba tare da mai ita ta ji komai ba. Wadda ta san haka ta zaɓa, ta zaɓa ido buɗe.

Tun kafin aikin, hanya uku likita ya shimfiɗa wa Yaya: sabuwar jaka, ko a yanko fata da kitse daga cikinta a gina maman, ko a ɗinke wurin a bar shi shafe. Ta ce a bar shi. Yaya Babba, mijinta, ya ce duk abin da zai ba ta barci shi yake so. Na ji daɗinsa ƙwarai.

Juma'a

Ma'aikaciyar jinya tana zuwa gida kullum da safe, ta duba ɗinki, ta rubuta yawan ruwan kwalba. Ruwan ya tashi daga ja ya koma ruwan ɗorawa. Ta ce sai ya sauka wajen mililita 30 a yini za a zare tiyon. An hana Yaya ɗaukar kaya mai nauyi, amma yau na kama ta tana jan tukunya. Na ce, “Yaya, don Allah ki bari.” Ta ce hannunta ya gaji da zama.

Lahadi

Da ake canza bandeji ta ce a kawo madubi. Tabo ne doguwa a kwance, fatar ta ɗan loɓa. Ta yi kuka, ni ma na yi. Daga baya ta ja numfashi mai tsawo ta ce rabonta da ƙirjinta ya buɗe haka ta manta.

Talata

An zare tiyon. Ta ce zafin na ɗan lokaci ne. Gobe za ta iya wanka a tsaye.

Alhamis ta mako na gaba

Sakamakon gwaji ya fito. Shi ne abin da muka kwana muna tunani ba tare da ɗayanmu ta furta ba. Akwai wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, ba ta cika faruwa ba, da takan tsiro a cikin tantanin, galibi ga masu jaka mai kaushin baya, alamarta kuma kumburi da taruwar ruwa bayan shekaru. Saboda ita Faransa ta haramta jakunkuna masu kaushi sosai a Afrilun 2019. Ta Yaya mai kaushi ce. Likita ya juyo da takardar ya nuna mana: babu komai, tabo ne kawai. Yaya ta ce “Alhamdu lillahi” har sau uku.

Ya rubuta mata takardar zuwa wajen mai motsa gaɓoɓi saboda kafaɗar da ta ƙage, da ta maman roba mai laushi da ake sawa cikin rigar mama, inshorar lafiya za ta taimaka da kuɗinsa. Na silikon sai ɗinki ya warke sarai. Ta karɓi takardun biyu, ta ce wa likita ta kafaɗar za ta fara bi, ranar Litinin.