Gwajin Pap da Matan da Suka Manyanta

Idan mace 'yar shekara sittin ta karɓi sakamakon gwajin bakin mahaifa aka ce mata lafiya lau, hankalinta kan kwanta, kuma galibi da gaskiyarta. Sai dai nauyin wannan "lafiya lau" ba ɗaya ba ne ga 'yar talatin da kuma wadda al'ada ta ɗauke mata tun shekaru goma da suka wuce.

Gwajin ya samo sunansa daga George Papanicolaou, likita ɗan ƙasar Girka da ya yi aiki a Jami'ar Cornell, wanda littafin da suka fitar shi da Herbert Traut a 1943 ya sa likitoci suka karɓi dabarar. Ana gogo ƙwayoyin halitta daga bakin mahaifa, a shafa a gilashi, a duba ko sun fara sauya kama kafin su zama sankara. Ya ceci rayuka masu yawa, amma ƙarfinsa a maimaitawa yake. Wani bincike da aka yi a Kanada kan mata sama da 10,000, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa gwajin Pap guda ɗaya yana kama kusan kashi 55 cikin 100 na sauye-sauye masu haɗari, yayin da gwajin ƙwayar cutar HPV ya kama kusan kashi 95.

Ga tsofaffi kuwa, jikin da kansa ke ƙara wahalar da aikin. Akwai wata iyaka a bakin mahaifa inda fatar waje ke haɗuwa da ta ciki, kuma a nan ne kusan duk sankarar ke tsirowa. A jikin matashiya wannan iyaka a fili take. Da zarar sinadarin istirojin ya ragu bayan ɗaukewar al'ada, sai ta ja da baya ta shige cikin mashigar mahaifa, mashigar kuma takan tsuke. Ma'aikaciyar lafiya za ta iya yin aikinta tsaf, amma burushin bai kai inda cutar take ba. Sakamako ya fito fes alhali wurin da ya kamata a duba ba a taɓa shi ba.

Kuskuren kan zo ta ɗaya ɓangaren ma. Fatar da ta bushe ta yi siriri tana ba da ƙwayoyin da ke kama da masu cuta, sai a tayar wa mace hankali a banza. Shi ya sa wasu likitoci kan ba da man istirojin na ɗan lokaci sannan a sake gwajin.

Wannan batu ya fi shafar Nijeriya fiye da yadda ake zato, domin asibitoci da dama sun dogara ne da shafa ruwan khal a bakin mahaifa a duba da ido. Hanya ce mai araha, amma ido ba ya ganin abin da ya shige ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauke ta a matsayin wadda ta dace da matan da iyakar ta ɓuya musu ba. Tun 2021 hukumar ta fifita gwajin HPV a matsayin na farko.

A Amurka ana dakatar da gwaji a shekara 65, amma da sharaɗin cewa gwaje-gwajen shekaru goman baya sun fito lafiya a jere. Sharaɗin ne mutane ke mantawa. Matar da ba a taɓa gwada ta ba ko sau ɗaya, kamar akasarin iyaye mata a Arewa, ba ta cikin waɗanda aka sallama. Zubar jini bayan ɗaukewar al'ada kuwa, ko ɗigo ne, yana buƙatar likita ya bincika har cikin mahaifa, komai kyawun sakamakon gwajin Pap na baya.