Dajin da Aka Kori Maharbi, Wa Ya Gaje Shi?

Duk wanda ya san Agege a shekarun 1970 zai gaya maka ba haka take ba. Idan ka bar tashar jirgin ƙasa ka nausa wajen Iju, ko ka bi hanyar Ota, ba ka yin nisa gidaje za su ƙare, ka faɗa gonakin goro da na rogo, bayansu kuma kurmi mai duhu. Goron nan shi ya jawo iyayenmu suka kafa Zango, ana ɗaure huhu ana loda wa jirgi zuwa Kano. Da sassafe maharban Yarbawa kan fito daga kurmin, wani da gyazbi a hannu, wani da gada a kafaɗa, mata masu abinci su tare su tun kafin su iso kasuwa. Yau jikokin mutanen nan ko sawun gada ba su taɓa gani ba. Kuma babu wanda ya kafa musu doka ya ce kada su yi farauta. Fuloti ne ya bi fuloti, bulo ya hau bulo, har aka wayi gari babu inda zomo zai ɓuya.

Abin nan da na gani da idona shi ya sa ba na iya shiga sahun masu cewa a buɗe gandun daji kowa ya shiga, duk da ni ɗan maharbi ne, da kuɗin naman daji aka ɗinka mini rigar sallata ta farko. Amma tsawon kwana ya nuna mini wani abu na biyu da ya fi wannan ɗaci, shi ne kuma nake so 'yan baya su ji.

A watan Disamba na 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a ƙara gandun namun daji 10 a hannun tarayya, daga 7 su koma 17. A ciki akwai Falgore ta Kano, da Kogo ta Katsina, da fadamar Haɗeja a Jigawa, da Allawa ta Neja, da Pandam ta Filato. A majalisarmu ta bayan la'asar akwai tsofaffin maharba. Wasu gadi suke yi yanzu a gidajen masu hali na Ikeja, wasu suna kasa saiwoyi da sassaƙe a bakin titi. Da muka ji wannan labari, ɗayansu ya dube ni ya ce, "Alhaji, dajin nan wa ya shuka shi? Kakana ya yi farauta a ciki, ubana ya yi. Yanzu a ce ko zuma na shiga ɗiba na zama ɓarawo?" Ban musa masa ba, domin haka dokar take. Da zarar daji ya zama gandun tarayya, shiga ba da izini ba, laifi ne, balle harbi, ko kiwo, ko su, ko saran ice. Matar da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa, da bokan da ke neman saiwa, da Bafulatanin da burtalinsa ya ratsa ta nan, duk masu laifi ne a idon doka kamar mai harbin giwa don haure.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ba ya fita dawa sai an gama girbi, kaka ta juya, Sarkin Baka ya ba da baki. Yana da wata 'yar jakar fata cike da toka. Idan muka kusa mashaya sai ya tsuguna, ya ɗebi tokar da yatsu biyu ya saki a hankali, ya ga inda iska ta kai ta, sannan ya san ta wace fuska zai yi dako. Yakan murza kashin barewa a tafin hannu ya gaya maka ko da daddare ta wuce ko da hantsi. Na ga ranar da ya ɗana adakarsa a kan wata mazo, ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauke bindigar ya ce mu tafi, ciki gare ta. Ran nan miyar kuka muka sha ba nama, bai kuma yi wa kowa bayani ba, don a wurinsu wannan ba abin a faɗa ba ne. Maharbin da ya kashe mai ciki ko mai shayarwa, 'yan uwansa ne za su fara ƙaurace masa. Akwai tsaunuka da kurame da ba a harbi a cikinsu ko kusa. Ko tsoron iskoki ne ya sa, ko hikimar tsofaffi, a nan dai dabbobi ke samun sararin haihuwa.

Turawa da suka zo ba su tambayi mutane irinsa ba. Tun 1916 suka kafa dokar kare namun daji, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963. Bature mai lasisi ya harbi abin da yake so don nishaɗi, talaka mai neman cefane kuwa sai ya riƙa ɓuya wa malamin daji. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu yawon buɗe ido a 1962. Kainji ta zama gandun tarayya na farko a 1979. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ɗauke ƙasa gaba ɗaya ta damƙa wa gwamna. A kowane mataki an rage wa Sarkin Baka iko, ba a kuma ba shi wani abu a madadinsa ba. To, mutumin da aka gaya wa cewa dajin ba nasa ba ne, don me zai bar mai ciki? In ya bari, na bayansa ba zai bari ba.

Ba zan ɓoye laifin namu mutanen ba. Farautar da yaran yanzu ke yi ba ita ce ta iyayenmu ba. Fitila a goshi da tsakar dare, ta haske idon dabba a harbe ta tana tsaye. Mota cike da samari da karnuka, a cinna wa daji wuta daga fuska huɗu, abin da ya fito duk a kashe. Wani ma guba yake zubawa a mashaya. Sannan ga buhunan gawayi da nake gani ana saukewa a kasuwannin Legas kullum, kowane buhu itace ne da ya yi shekaru yana girma. Ba don an tsare Yankari ba, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, da yau babu giwa ko ɗaya a ƙasar Bauchi da za a nuna wa yaro. Wanda ya ce duk gandun daji zalunci ne, bai yi wa jikokinsa adalci ba.

Sai dai tsare daji aiki ne na mutane, takarda ba ta yin sintiri. An shata iyaka, an kori maharbi da makiyayi da mai ɗibar zuma, sai aka bar masu gadi ƙalilan, albashi ba ya isa, motar sintiri ba mai. Daji kuwa ba ya zama ba kowa. Sambisa gandun namun daji ce kafin duniya ta san ta da Boko Haram. Kamuku ta Birnin Gwari, da aka mayar gandun tarayya a 1999, ta koma mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Dajin Rugu haka, yanzu har Kainji ana jin motsinsu. Falgore kanta, da hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, ta sha fama da 'yan fashi har sai da aka kai sojoji. A da, baƙon fuska ba ya kwana biyu a dajin nan maharbi bai ga tokar murhunsa ya kai wa dagaci labari ba. Da aka mayar da maharbin mai laifi, ko ya gani shiru zai yi, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce: kai me ya kai ka ciki? Haka doka ta fitar da mai tsoronta, ta bar dajin ga wanda ba ya tsoron kowa.

Da wuta ta kama kuma, wa aka nema? A watan Nuwamba na 2014, lokacin da aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, maharba ne suka shiga gaba tare da sojoji, da adaka da kwari da baka. Sunan maharbiya Aisha Bakari Gombi ya zaga duniya saboda irin wannan aiki. Mutanen da ake kamawa don sun kashe gada su ne aka roƙa su nuna hanya, saboda da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin goman ƙarshe na azumi, aka tare wasu maharba a wannan gari na jihar Edo, suna dawowa daga jihar Ribas za su gida sallah. Aka ga bindigogin gargajiya da karnuka a motarsu, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Mu da ke zaune a Kudu mun san irin daren da muka kwana. Na yi ta tambayar kaina: me zai sa Bakano ya tsallake kogin Kwara ya tafi har bakin teku neman gyazbi? Dajin gida wani ya zama gona, wani ya zama gandu, wanda ya rage kuma yana hannun 'yan bindiga. Sai ya tafi inda ba a san shi ba, ba a jin harshensa, da makami a hannu, a ƙasar da tsoro ya cika zukatan mutane. Wannan ba uzuri ba ne ga waɗanda suka zubar da jinin, Allah Ya isar wa marayu. Amma hanyar da ta kai su Uromi daga bakin dajin Arewa ta faro.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a addininmu. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya keɓe makiyaya don dabbobin baitulmali, amma ya umarci mai tsaron wurin ya bar talaka mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki ya shiga, ya tsare garkunan attajirai, domin su suna da gonakin da za su koma, talaka kuwa ba shi da komai. A zamaninmu ma an gwada irin wannan. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har suka koma kusan 50 a 1996. Ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba, aka jawo manoma cikin aikin, 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora, dabbobin suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. A nan kusa da mu, a dajin Omo na jihar Ogun, an ɗauki tsofaffin maharba aikin gadin giwaye, kuma su ne suka fi kowa sanin inda ake ɗana tarko.

Saboda haka ni roƙona ga shugabannin maharba shi ne kada su tsaya a kan "ba mu yarda ba" kawai, domin za a shata iyakar ko sun yarda ko ba su yarda ba. Su je da buƙatu a rubuce. A bar tsakiyar daji ga dabbobi, kowa ya haƙura da ita, amma a ware gefensa inda mutanen ƙauyukan da ke kewaye za su ɗebi zuma da magani da kaɗanya, su yi farautar ƙananan dabbobi da rani bisa izinin Sarkin Baka. A yi wa kowane maharbi rajista da katin shaida da jami'an tsaro za su gane daga Kano har Fatakwal. Idan za a ɗauki masu gadi a Falgore, a fara da 'ya'yan Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Idan giwa ko ɓauna ta ci gonar mutum, a biya shi kafin damina ta zagayo. Su kuma maharba su ɗauki alkawarin hana farautar fitila da ƙona daji da zuba guba a tsakaninsu, wanda ya karya su miƙa shi ga hukuma da hannunsu. Sarakunan da dazukan nan ke ƙasarsu su ne ya kamata su kira wannan zama, su sa gwamnoni da hukumar gandun daji ta tarayya su sa hannu a gaban jama'a.